Zauren Mushe

Bana ruwa ya sauka da wuri a Madawa, aka yi shuka da murna, sannan ya ɗauke. Kowace la'asar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya kaɗo mana iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta wani gari, ya watse ya bar mu da zufa. A cikin wannan zaman jiran ne, ran nan ina gaban kwamfuta a wurin aikina, na kama kaina ina ƙara girman haruffa domin idona ya fara yi mini gardama. Sai hannuna ya tsaya a kan maɓalli. Na tuna wata damina a Buza, shekara goma sha wani abu ke nan, da na yi ta ƙara wa haruffa girma ina ƙaryar cewa don kaina nake yi.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga Yamai ba, da takardar karatun kwamfuta a jaka da babu a aljihu. Na auri Rabi, tana da cikin fari, ina noma gonar mahaifina da ke kan fako, inda dutse ya fi ƙasa yawa. Mahaifin Rabi tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa duk gari Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ni dai har yau ban taɓa kama sunansa ba, kuma ba zan fara a nan ba. Bayan ya bar koyarwa ya koyi kwamfuta da furfurarsa, ya zama shi ne mai riƙe da lissafin ruwan sama na ƙungiyar manoman yankinmu. Ƙungiyar ta kafa ma'aunin ruwa a ƙauyuka, daga wajen Tabotaki har zuwa Sabon Gida. Idan an yi ruwa, da safe masu kula da ma'aunin su bugo waya su faɗi abin da ya sauka, Mushe ya shigar. Da wannan lissafin ake sanin ƙauyen da fari ya fi ci, a fara buɗe masa rumbun cimaka na ƙungiya. Ladan aikin ɗan albashi ne da buhun hatsi a wata. Wannan buhun shi ke riƙe da gidansa, domin 'ya'yansa maza duk sun tafi bida, wato ci-rani, ƙasashen waje sun bar masa mata da jikoki.

Shi da kansa ya rubuta furogiram ɗin da ke wannan lissafi, kuma yana alfahari da shi fiye da yadda yake alfahari da gemunsa. Manhajar da yake rubutu a ciki ta kasu biyu. Sama farin fili ne inda ake rubuta furogiram. Ƙasa kuwa wata 'yar baƙar taga ce, inda kake buga umarni layi guda, injin ya ba ka amsa nan take. Mushe ya ce saman shi ne cikin gida, ƙasan kuma zaure, don a nan ake yi wa injin sallama ya amsa. Duk aikinsa na yau da kullum a zauren nan yake yi. To amma zaure ne mai wuyar shiga. Kafin ka shigar da ruwan ƙauye ɗaya sai ka buga dogon layi na Faransanci, da baka biyu, da waƙafi, da ɗigo, kowanne a mazauninsa. Ka kuskure ɗaya, ya zubo maka jajayen layuka cike da allo, ƙanana kamar tururuwa, ka nemi laifinka a ciki.

Ni aikina a biro, ofishin ƙungiyar, bai wuce taimako ba. Nakan duba batir da farantin hasken rana, in share ƙura, in gyara abin da ya lalace. Tsakanina da Mushe kuwa surukuta ce irin ta mutanen da. In na shigo sai na tuɓe takalmi tun daga ƙofa, in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Ba na ci ba na sha a gabansa. Magana in ta wuce gaisuwa, sai ta bi ta bakin Illa, mai tsaron mangaza, ɗakin ajiyar kayan ƙungiya, wanda teburinsa ke ɗaki ɗaya da na Mushe. Illa magidanci ne mai haƙuri da 'ya'ya da yawa, ya yi lakwal kaɗan ya bari. Muna zaune mu uku, taku biyu tsakaninmu, Mushe zai ce, "Illa, hwaɗa ma mutumen Yamai batir na kuka." Illa ya juyo ya maimaita mini, fuskarsa ko murmushi babu. Ni ma in ba shi amsa ya kai. Ba wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki, haka muka tarar ana yi.

Shekarar, azumi ya faɗo a farkon damina. Ruwan fari ya zo da ƙarfi, muka fita da sungumi gari bai gama wayewa ba, mata na biye suna jefa iri suna takewa. Hatsi ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Iskar hadari mara ruwa ta riƙa kwaso rairayi tana binne tsiron, wanda ya tsira kuma rana ta murɗe shi ya zama kamar zare. Ina iya tuna yadda duwatsun fako ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, da yadda miyau ke kafewa tun hantsi. Muka sake shuka da hatsin da aka ɓoye don ci. A gida Rabi ta koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da ba a waiwayarsu sai shekara ta ɓaci. Kwana da kwanaki tana canza musu ruwa, warinsu ya kama tsakar gida. Kunun buɗa-baki ya tsinke har kana hango gindin ludayi.

Ita ta fara gaya mini. Ta je gaishe da iyayenta, ta ga Baba ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska, ya sake lalube kafin ya same ta. Innarta ta ce mata ta yi shiru, ya hana a faɗa. Ya je wajen likita a Tawa a ɓoye, an ce masa jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, magani sai dai ya rage mata gudu. Rabi ta faɗi wannan tana tsame anza, ba ta ɗago ba.

Ba a yi nisa ba abin ya fito fili. Wani ƙauye a bayan Tabotaki aka yi musu yayyafi, milimita biyar. Yatsan Mushe ya taɓa maɓallin sau biyu, biyar ta zama hamsin da biyar, shi kuma bai gani ba. Injin ya ɗauka ƙauyen ya ƙoshi da ruwa, aka tsallake su wajen buɗe rumbu. Sai da mai garinsu ya zo da kansa a kan jaki, da busassun tsiron hatsi a cikin hula, ya zube su a teburin shugaban ƙungiya, Alhaji Nomau. An gyara, an kai musu hatsi, amma sun yi kwanakin yunwar da bai kamata su yi ba.

Alhaji Nomau ya tare ni a bakin masallaci bayan la'asar, ya ja ni gefe. Ba mugun mutum ba ne, nauyin ƙauyuka ne a kansa.

"Yaro, ba ni son in ci mutuncin tsoho," ya ce. "Amma in anka koma yin irin wagga, kujera taka ta. Kai ka karatun abin."

Ba zan ɓoye ba, a hanyar gida na yi tunanin buhun nan. Na ga Rabi da cikinta tana cin tuwon hatsi maimakon anza. Tunanin ya bi ni har ƙofar gida, kuma da na shiga na ga fuskarta sai kunya ta rufe ni, kamar ta ji abin da ke raina. In hau kujerar mahaifinta a shekarar yunwa, in riƙa wucewa da buhunsa ta ƙofar gidansa? Da wane ido zan sake durƙusa masa? Kuma ba ni da bakin da zan ce masa, Baba, idonka ya tafi, bari in taimake ka. Ko ta bakin Illa wannan magana ba ta faɗuwa.

Abin da ya rage mini shi ne zauren injin. Idan Mushe ya tafi sallar azahar ba ya dawowa, ni kuma lokacin na taso daga gona, sai in zauna a gaban injin da ƙishirwa da ƙasa a ƙafa. Na fara da haruffa. Na ƙara musu girma kaɗan, na mai da su rawaya a kan baƙi. Washegari da safe na zo duba batir, na ce wa Illa ya gaya wa Baba azumi ya sa idona yaji, shi ya sa na taɓa masa allo, in bai so a mayar. Mushe ya ce, "Illa, hwaɗa mai yaran zamani ba su da ƙwari. A bar shi hakanan, kar mu kashe mai ido." Bayan kwana kaɗan na sake ƙarawa, idona dai bai warke ba.

Sai maganar wuta. Hadarin da ba ya zubar da ruwa yana rufe rana, batir ya yi sanyi, injin ya mutu ana tsakiyar aiki. In ya farfaɗo, zauren ya manta duk abin da aka buga, sai Mushe ya soma daga farko, hancinsa kusan manne da allo. Na gyara shi ya riƙa ajiye kowane umarni da zarar an buga, yadda in ka danna kibiyar sama zai dawo maka da na baya. Na ɗiga ɗan ƙaro a kan maɓallin kibiyar ya bushe, don yatsa ya gane shi ba sai an duba ba. Na yi wa Illa bayani, Illa ya juya ya yi wa Mushe.

Aka yi sallah babu ɗinki babu nama. Bayanta ruwa ya dawo, ba mai yawa ba, amma ya isa ciyawa ta taso ta fi hatsi sauri. Garin ba samari, sai muka riƙa gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, tsofaffi da mata da mu 'yan kaɗan da ba mu tafi ba. A da mai gona ke ciyar da 'yan gayya, a shekarar kowa da ɗan goran farau-faraunsa yake zuwa, ba mai kallon na wani. Ranar gonar Mushe ya fito da hauyarsa. Ina noman kuyyar da ke kusa da tasa, na ga yana sare hatsi yana barin ciyawa. Wata tsohuwa ta bi bayansa a hankali tana tayar da abin da zai tasu. Da yamma na koma biro.

A ranar na rushe dogon layin Faransancin. Ban taɓa furogiram ɗinsa ba, wannan cikin gidansa ne, ba ni da hurumi. A zaure kawai na yi aiki. Na sa in ka buga "ruwa", da sunan gari, da lamba, ya isa, zauren zai juya shi zuwa dogon layin ya miƙa ciki. Sunan garin ma in ka buga farkonsa zai ƙarasa maka. Jajayen layukan nan na kore su, na bar layi ɗaya da Hausa mai faɗin abin da ya ɓace. In lamba ta yi yawan da ba a saba ba, sai ya tsaya ya tambaya ko da gaske ne. Na sa masa ƙara iri biyu, siririya in an yi daidai, mai kauri in an kuskure. Wannan karon ƙaryar da na aika ta bakin Illa ita ce Faransancina ya yi rauni. Mushe ya ce dama ya lura. Kowace sabuwar kalma sai na faɗa wa Illa, ya maimaita mini don ya tabbatar ya riƙe, sannan ya juya ya faɗa wa Mushe, wani lokaci har ya nuna masa maɓallin da yatsa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don ƙara ba ta gaya maka lambar da ka buga. Wata safiya kafin in fita gona na ba Rabi wayata na ce ta karanta mini sunayen ƙauyukan da lambobi, ɗaya bayan ɗaya, wayar na naɗar muryarta. Ta tambaye ni na mene ne, na gaya mata. Ta goge hannunta a zane, ta zauna a bakin turmi ta karanta su a natse, da muryar da take karanta wa ƙannenta darasi. Sau biyu muryar ta karye muka sake. Na yanka su na zuba a injin, yadda duk abin da aka shigar zauren zai maimaita shi da baki.

Ina tsaye wajen batir da safen da Mushe ya fara ji. Ya buga layinsa, sai injin ya ce da muryar 'yarsa, "Tabotaki. Goma sha biyu." Hannunsa ya tsaya a sama. Na jira a aiko mini da faɗa, don wa ya ce in kawo muryar matar aure biro? Ba a aiko da komai ba. Ya gyara zama, ya buga na gaba. Daga ranar har ƙarshen damina bai ƙara kuskure ko ɗaya ba, ni kuma na riƙa barci.

Hatsi ya fitar da kai gajere, rabin zangarniya ba ƙwaya. Wajen ƙarshen damina labari ya zo cewa masu tallafa wa ƙungiya za su janye hannu, dole a rage ma'aikata. Alhaji Nomau ya zo biro da dattawan kwamiti biyu, wai su ga yadda aiki ke tafiya, amma kowa ya san idon Mushe aka zo dubawa. An yi ruwa daren jiya, waya na ta shigowa. Mushe ya sa babbar rigarsa. Ya ɗaga kai ya kalli rufin ɗaki da gangan, bai ko waiwayi allo ba, ya riƙa buga ruwan ƙauyuka Rabi na maimaitawa, siririyar ƙara na biyo baya. Dattawa suka yi ta jinjina kai. Ni ina bakin ƙofa, zuciyata fari ƙal.

Alhaji ya matso ya tambayi yadda abin yake aiki. Ni ya kamata in amsa, amma ba na doguwar magana a gaban surukina. Mushe kuma ba zai yabi aikin mijin 'yarsa da bakinsa a gaban mutane ba. Sai ya yi abin da muka saba yi kullum.

"Illa, gwada musu."

Illa ya gwada musu. Ya faɗi kalmomin duka bi da bi, yadda suka bi ta bakinsa damina guda. Waya ta yi ƙara, wani daga wajen Keita, Alhaji ya ce to ya shigar mu gani. Illa ya sunkuya ta gefen kafaɗar Mushe, da yatsa ɗaya, ya buga. Muryar Rabi ta maimaita, siririyar ƙara ta biyo. Na ga Alhaji ya kalli Illa, ya kalli teburin mangaza, ya kalli kujerar Mushe. Illa ma ya gane a lokacin, ya janye hannunsa ya ɓoye a bayansa.

Kafin a yanke hatsi aka haɗa aikin biyu wuri ɗaya. Mutum guda zai riƙe mangaza da injin, da ladan mutum guda. Ba Mushe, ba ni. Illa ya zo har gida ya same ni yana rantsuwa bai nema ba, na ce na sani. Yana da bakuna da yawa da zai ciyar, kuma mu muka koya masa, ni da surukina, kalma bayan kalma. Na kwana biyu ina juya abin. Da na bar zauren da wuyarsa, da an kori Mushe an ba ni, buhun ya zauna cikin dangi. Da na gyara rabi na bar rabi, wataƙila da an ga har yanzu ana bukatarsa. Har yau ban san inda ya kamata in tsaya ba.

Lokacin Rabi ta koma gidansu goyon ciki. Na ɗaure dami ɗaya daga ɗan abin da fako ya ba ni, na ɗauka a ka na kai. Mushe na zaune a zaurensa na gaske, shi kaɗai a kan buzu. Na ajiye damin, na tuɓe takalmi na durƙusa. Muka gaisa. Yau ba Illa da zai ɗauki magana tsakaninmu. Ina shirin tashi sai ya yi magana, kuma fuskarsa ni take kallo, ba bango ba.

"Idonka ya warke?"

Na ce da sauƙi, Baba.

"Duk ƙarin da kay yi ma haruhwan nan na gane shi," ya ce. "Tun na hwarko. Rawayen nan su na abin ƙarshe da nik karanta da idona. Allah shi yi ma albarka."

Na so in ce masa ni na jawo ya rasa aikin, amma na san zai ce ba a yi wannan magana ba.

Muna nan sai hadari ya haɗo, irin na ƙarshen shekara da ke zuwa bayan hatsi ya riga ya bushe, ba ya ƙara komai sai ya jiƙa damma. Ya zuba da ƙarfi, ruwan da muka yi wata da watanni muna roƙo. Da ya tsagaita Mushe ya miƙe, ya dafa bango ya fita tsakar gida, ina biye da shi nesa kaɗan. Ashe ya kafa wani gwangwani a kan turke. Ya lalube shi, ya tsoma yatsa, ya auna da gaɓa. Ya ɗaga murya kaɗan, kamar mai magana da kansa, ya ce, "Buza, ashirin."

Daga cikin ɗakin innarta, inda take kwance da nauyin ciki, Rabi ta amsa a natse, da muryar nan dai.

"Buza. Ashirin."

Ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da tsayuwa a cikin yayyafi, yatsansa a cikin gwangwani, kansa a karkace, yana jiran siririyar ƙarar.